Sharaɗi Ɗaya

A Valparaíso, can saman tudu,
inda gidaje ke riƙe da ƙugun juna kar su zame cikin teku,
Ofelia Mardones ta shafe damina guda
tana rubuta wa masunta manhaja:
kifi nawa ya hau sikeli, nawa dillali ya biya,
nawa ya ce sai gobe.

Da ta gama, ba ta sa kwaɗo ba.
Ta baje tushenta a fili, ta liƙa mata lasisi a goshi:
Ɗauka. Buɗe cikinta. Gyara. Sayar in ka so.
Amma ranar da za ka miƙa wa wani,
miƙa masa har da gyaranka,
a buɗe, yadda ka same ta.

Yayanta Eleuterio ya ce, "Kyauta da igiya a wuya?
Ko ki bayar ki manta, ko ki rufe ki ci kuɗinki."
Ta ce, "Ka tuna ƙullun burodin Mama?
Duk wadda ta zo da kwano sai ta ɗibar mata tsami,
maganarta ɗaya: kar ki hana ta gaba.
Shekara ashirin da rasuwarta,
har yau da shi burodin unguwar nan ke kumbura."

Wani kamfani a Santiago ya ɗauka.
Injiniyoyi shida, wata takwas,
suka koya mata auna sanyin ɗakin ƙanƙara,
suka ɗinka mata sabuwar riga, suka yanka farashi.
Lauyansu ya karanta lasisin sau biyu, ya cire tabarau,
ya laluba ƙofar baya. Babu.
Ranar Talata suka saki gyaran, fuska a murtuke.
Riba kuwa sun ci, ba wanda ya hana su.

Gyaran ya gangara kudu, har tsibirin Chiloé,
ya iske Casimiro Barría, mai kwale-kwale ɗaya da bashi biyu,
wanda ko sunan Ofelia bai taɓa ji ba.
Wayarsa ta yi ƙara da asuba: firji ya fara ɗumi.
Ya fita da takalmi ƙafa ɗaya, ya ceci kamun mako.
Jikarsa ta hango kuskure a lissafin kilo,
ta gyara layi huɗu, ta aika arewa.

Ofelia ba ta yi arziki ba.
Rufinta na yoyo in ruwan Yuli ya sauko.
Akwai daren da take ƙirga abin da za ta samu
da a ce ta sa kwaɗon,
sai ta juya ta fuskanci bango.
Amma rijiyar da ta haƙa,
ba mai zagaye ta da katanga
ya dawo yana sayar mata da ruwan guga-guga.

Yau da safe layi huɗun nan suka iso.
Ta karanta, ta yi dariya ita kaɗai:
yarinyar ce da gaskiya.
Ta danna karɓa,
ta gangara sayen burodi.