Inda Muciya Za Ta Kwana

Kwali tara na sauke a ƙofar sabon gida,
bakwai na kicin ne.
Direba ya dube su, ya dube ni,
wai ko gidan abinci zan buɗe a Sheffield?
Na murmusa kawai.
Wa zai tsaya yi wa Bature bayanin kuka ana yayyafi?

Kabad ɗin sama ya fi ƙarfin tsayina.
Wadda ta zauna kafin ni doguwa ce, ko kuwa ba ta girki.
Ta bar kalandar bara da ta tsaya a Maris,
da tabon kofin shayi a kan katako,
da cokali guda mai lanƙwasasshen wuya.
Na goge tabon, na cire kalandar.
Cokalin na ƙyale shi,
ya riga ni zuwa, baƙo ba ya korar ɗan gari.

Gishiri na fara ajiyewa.
Haka Iya Tasalla ke yi duk gidan da muka tare,
ba ta faɗi dalili ba har ta koma ga Mai sama,
ni ma ban tambaya ba.

Sai kuka, a kwalbar da a da ta kofi ce,
busasshiyar kuɓewa a gwangwanin madara,
da rubutun Hajo a jiki, biro na shirin mutuwa:
ki riƙa rufewa.
Daddawa leda uku, roba ɗaya, can ƙuryar ƙasa,
duk da haka ta sanar da benen nan na iso.

Shinkafa kilo goma daga shagon Gulzar,
ta zauna gefena a bas, tasha shida,
kamar fasinjar da ba ta biya ba.
Attarugu a nan ƙidaya shi ake yi.
Na ɗauki biyar, na duba kuɗin,
na mayar da ɗaya.

Faranti shida na saya,
alhali ni kaɗai ce.
Kada a tambaye ni.

Firij na gunaji da yunwa:
ƙwai, madara, rabin albasa,
sauran duk haske ne.

Muciya ce ta ƙi shiga kowace durowa.
Ta ƙetare hamada da teku a tsakiyar zannuwana,
yau an rasa mata makwanci.
Na jingine ta jikin taga,
tana kallon ruwan sama da jajayen bulo,
ba ta ce komai ba.

Turmi na dire, na ɗaga taɓarya,
ɗaya, biyu,
sai sanda ta amsa daga ƙarƙashin ƙafata.
To, na ji.
Na naɗe masa gindi da tawul,
yanzu da raɗa yake daka.

Manja na yin zafi ƙararrawar hayaƙi ta kwarma ihu
kamar an taɓa mata ɗa.
Ga ni bisa kujera, ɗankwali a karkace,
ina yi mata fifita da faifai, ina ba ta haƙuri.

Tara da rabi tuwon semo ya nuna.
Ina zaune kan kwalin da ban buɗe ba
aka ƙwanƙwasa.
Mai sandar ne, Mista Pickering, da silifas ɗin cikin gida,
ya zo faɗa, hancinsa ya canza masa magana.
Na sauko da faranti na biyu.
Ya rasa ta inda ake kama tuwo,
na miƙa masa cokalin nan.

Ya juya shi a hannu, ya daɗe.
Na Maureen ne, in ji shi,
da shi take buɗe gwangwanin fenti.

Ya shanye miyar, idonsa na ruwa,
ya ce yajin ne.
Na ce ai kuwa, ya ɗan yi yawa.

Gado bai haɗu ba tukuna,
labule na cikin kwali.
Na wanke faranti biyu, na kife,
na kashe fitila.