Jinin da Yake Komowa

Sana'ata gyaran injin ban-ruwa.
Daga Tawa har fadamun Keita,
in ruwa ya ƙi hawa, Arzika ake kira.
In kasa kunne, in ce musu ga inda ciwon yake.
Nawa ne kawai ban ji ba.

Shekara shida Hajo na shan ɗaci:
sassaƙe, jiƙo, saiwar da ba ta da suna,
hayaƙin da ya kama mata zane.
Ba wanda ya miƙo mini ko kurɓi ɗaya,
ni ma ban tambaya ba.
Nauyin da nake ji a hagu in na daɗe tsaye
na ɗora wa babur da ramukan hanyar Kalfu.

Ran wata Talata ta ajiye takarda kusa da akushi.
"Sun duba ni kaf. Sun ce saura kai."
Tuwon ya huce a gabana.

Ɗakin eko ba taga.
Na bar takalma a ƙofa, kunya kuwa ta bi ni ciki.
Lokotoro Agali bai dube ni da yawa ba,
Allah ya saka masa.
Ya shafa wani mai sanyi kamar raɓa,
ya aza ɗan ƙarfensa a kan ƴan maraina,
allo ya yi toka-toka
irin gulbi in an tada shi da ƙafa.

Dama lafiya.
Hagu ya tsaya.
Baƙaƙen ramuka sun cunkushe wuri ɗaya,
kamar tana a jiƙaƙƙiyar ƙasa.
Ya auna bakin ɗaya, ya rubuta huɗu,
ya ce uku ma an fara magana.

"Tashi tsaye. Ja numfashi, riƙe.
Yunƙura kamar za ka ɗaga inji."
Na yunƙura.
Sai launi ya watsu a allon,
shuɗi ya juye ja, ya daɗe bai koma ba.

Ya fara bayani a hankali:
jijiya tana da ƴan ƙofofi,
jini ya hau, su rufe bayansa.
Na ce, "Lokotoro, tsaya.
Bawul ne ya saki."
Ya yi dariya, karon farko.
Na san wannan. Ruwa ya hau tiyo da ƙyar
ya sulalo baya, ya kwanta, ya ɗau zafi.
Ya ce to, iri ba ya son zafi.
Wasu na haihuwa da shi har su gaji,
wasu yakan rage musu yawa da kuzari.
Takardar awon maniyyina tana kan tebur,
ita ma ta faɗi nata.

Na tambayi gyara.
Ya ce a ɗaure jijiyoyin da suka buɗe,
jini zai nemi wata hanya.
Sannan wata uku, wata shida, a sake awo.
Na ce, "Za a samu?"
Ya cire safar hannu, ɗaya, sannan ɗayar.
"Ni hoto nake ɗauka, Arzika. Ban ga gobe a ciki ba."

Jika goma na biya,
aka ba ni ƴar takarda mai santsi, baƙa da fari.
Na tura babur da hannu har Bilbis,
ban san me ya hana ni hawa ba.

Na iske Inna a tsakar gida
ta kawo wa Hajo sabon ƙunshi daga Bagga,
tukunya har ta fara tafasa.
Na ce, "Inna, a sauke."
Ta dube ni.
Na shimfiɗa hoton a kan tabarma, na danne da dutse.
"Ga shi nan. Ni ne."

Hajo ba ta ce komai ba.
Ta naɗe hannu da bakin zane, ta sauke tukunyar,
ta tsaya tana duban wutar
kamar mai tunanin abin da za ta ɗora.