Kilo Ashirin da Uku

Shekara talatin ina auna yadi a Kantin Kwari,
ruwan da na sani bai wuce na Tiga ba,
shi ma daga bakin gaɓa, takalmina a hannu.
Yau ga takarda da tambarin kamfanin atamfa:
wai na fi kowa sayar da dila a bana,
tukwicina kwana bakwai a jirgin ruwa,
jirgin da aka ce ya fi layinmu tsawo,
bene kan bene, kan bene.

Bayan isha'i na baje akwati a tsakar ɗaki.
Leshi shida, shadda uku,
turmi huɗu na atamfa, ko Allah zai kawo mai saye,
kuka, daddawa, kaskon turare, dutsen guga.
Na hau na zauna. Zif ya ƙi.

Sai ga sallamar Barira.
Ita ta taɓa zuwa, ɗanta ya kai ta bara,
tun daga nan Gwammaja ba ta huta da labarin ba.
Ta riƙe ƙugu:
"Yaya Tasalla, buɗe ido za ki, ko ƙaura?"

Dutsen guga ta fara cirewa, ta bi da kasko.
"Gidan da ke kan ruwa, wuta ce dodonsa.
A ƙofa za su karɓe, ki ji kunya a banza.

Fasfo, tabarau, maganin hawan jinin nan naki,
da kaya kala ɗaya, duk a jakar hannu.
Akwati sai dare yake iske mai shi a ɗaki.

Wannan mai tsinin, ajiye wa bikin Sabuwa.
Ƙasan can motsi take, takalmi shimfiɗaɗɗe take so.
Gyale kuwa, iskar teku ba ta da kunya,
nawa yana can, kifaye na yafawa.
Ɗauki hijabi. Ɗauki rigar sanyi,
kar zafin Kano ya ruɗe ki.

Ga citta, ki tauna in ciki ya fara juyi,
ki fito waje, ki kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa.
Kada ki kwanta kina kiran sunan magada.

Alƙibla ba ta zama wuri ɗaya kamar ta ɗakinki,
kowace salla sai kin sake tambaya.
Ki kashe data, in ba so kike
ribar dila goma ta tafi a gaisuwa ba.
In an tsaya wani gari, agogon jirgi za ki bi,
ba motar Unguwa Uku ba ce, da ke jiran ta cika."

Ta naɗe zannuwana kamar tabarma, ɗaya gefen ɗaya.
Atamfar sayarwa ta koma kan gado.
A kan yaji kaɗai muka yi ciniki,
ta ce a'a, na ce albarka,
muka daidaita a ƙaramar kwalba.

Muka aro sikelin Ɗanliti mai shinkafa:
sha tara.
Saura huɗu, ban san me zan yi da su ba,
ni da ban taɓa barin kanta da gurbi ba.

Da asuba, mai adaidaita na ta hon a waje,
na ɗaga murfi in duba na ƙarshe.
Tsakanin hijabi da rigar sanyi
ga gorar ruwa, wankakkiya, ba komai ciki,
da rubutun jikata Ummita a jikin takarda:
"Hajiya, ki ɗebo min teku.
Malam ya ce gishiri ne da shi, ban yarda ba."

Na mayar da murfi.
Zif ya tafi sumul, bai ce uffan ba.