Kunnen Doki

Ƙarfe biyun dare a Kabala.
An ɗauke wuta, janareton maƙwabci na tari,
ni da kwamfuta da ragowar shayin da ya huce.
Wata bakwai ina koya wa inji darar Turawa.
Yau ya fi abokin karawarsa da doki guda da kurtu biyu,
sai ya kama kai-komo:
sarauniya ta leƙo, sarki ya goce,
ta koma, ya koma,
sau uku,
aka tashi kunnen doki.
Nama a baki, kura ta tsaya hamma.

Ni na gina masa rumbun.
Kowane zaman allo da lambarsa,
doguwa kamar layin mai a Kawo.
In ya taɓa ganin zaman, ba sai ya sake lissafi ba,
ya buɗe, ya ɗauki hukunci, ya wuce.
Rumbu ya ce, "Kai ke sama,"
bai ce, "Zuwanka na uku ke nan" ba.

Na ce to, mu riƙa ajiye canjaras ɗin ma a ciki.
Ashe a nan gizo ke saƙa.
Ya shigo ta wata ƙofar, baƙo fil, karon farko,
ya tarar da tsohuwar takarda da wani sawun ya bari,
ya gaskata,
ya guje wa gonar da ba kowa a cikinta.

Da la'asar na kai ƙarar wurin Baba Barau,
wanda ya tsufa yana ba jirgin ƙasa hannu.
Bai san ces ba, bai kuma nemi sani ba.
Ya gama ɓare gyaɗarsa tukuna.
"Tasha ɗaya ce, yaro.
Amma ban taɓa tambayar jirgi inda yake ba,
ai ga shi a gabana.
Daga ina? Shi nake rubutawa."

Na dawo ta gada, kogi ya ciko, ja wur.
Na bar wa rumbu aikinsa na sanin wuri,
na ɗaura wa injin wani siririn zare,
lamba bayan lamba, duk inda ya taka a wannan tafiyar kaɗai.
Kafin ya buɗe rumbu, ya waiwaya tukuna.
In an ci wani, ko kurtu ya gusa,
a tsinke zaren,
don kurtu ba ya komawa baya,
wanda aka ɗauke kuma ba ya dawowa allo.

Gab da asuba na sake shi.
Sarauniya ta leƙo, sarki ya goce.
Ta koma.
Na riƙe numfashi.
Sai ya tura kurtun gefe, taku ɗaya, kamar mai gwada zurfin ruwa.

Bayan taku arba'in aka yi masa cin kaca.
Na yi dariya har ladan ya riga ni shiru.
Wannan kwaron na gobe ne.