Layin Tsakiyar Gada

A gadar Ngeli akwai wani layi
wanda ba fenti ya zana shi ba.
Akuya na tsallake shi ba ta waiwaya,
ƙarnin kifin Lagon ma haka.
Ni kaɗai, da kakina da bindigata,
nan ƙafata ke ƙarewa.

Shekara tara ina gadi a Kusuri.
Na san irin fuskar da ke juyowa
in ta riga ta haye tsakiya,
ta ɗago mini hannu, ta washe baki,
babur ya nutse cikin fitilun Injamena
da kwali huɗu ɗaure a baya.
In koma rumfa in rubuta: ya tsere.
Har biro ya haddace.

Tiramol.
Ƙanena Talle ya san ɗacinta
tun ban san launinta ba.
Ɗan acaɓa ne, yana son kwana biyu ba barci
ya ƙarasa biyan kuɗin babur.
Biyu a shayi, sai huɗu, sai ba lissafi.
Ran wata Laraba ya faɗi a bakin kasuwa
yana shure-shure, kumfa a haɓa,
injin na ta gurnani a gefensa
har mai ya ƙare.
Inna ba ta ce da ni uffan ba.
Kakin jikina ta duba, ta kau da kai.

Bara aka tara mu a wani zaure,
manya suka sa hannu, aka yi tafi,
aka raba lemo mai ɗumi.
Abin da na fito da shi lamba ce
a bayan kwalin ashana:
Jimet, jandarman wancan ƙetare,
dogo, mai wushirya, yana ɗan ɗingishi.
Larabcinsa ya fi ƙarfin kunnena,
Hausata ta fi ƙarfin nasa,
sai mu haɗu a Faransanci mai faci
kamar tayar kurar ɗan garuwa.

Daren jiya, biyu saura kwata,
na hango duhu na tafiya a kan duhu
can ƙasa da gada, inda ruwa ya janye.
Ba fitila, ba tari, sai filafili na lasar ruwa.
Na danna lambar.
Na ce, kwalekwale, albasa, mutum biyu,
sun nufi yashin da ke gabanka.
Ya ce, na gani.
Tocila ta ƙifta sau uku daga Cadi.
Ban taɓa jin tsawon hannuna
ya kai faɗin kogi ba sai jiya.

Ɗaya ya faɗa ruwa, kogi ya san inda ya kai shi.
Ɗayan yaro ne, Adum, gemu bai tsiro ba,
silifa ɗaya a ƙafa.
Ƙarƙashin albasa kwali talatin da shida.
Ladansa jaka biyar, an ba shi biyu kafin alƙalami.
Mai kayan? Bai san sunansa ba,
lamba ce kawai, ita ma ta mutu kafin asuba.
Yana can wani bene da ban sani ba
ya ja bargo saboda sanyin na'ura.

Takardar da za mu aika wa juna
sai ta yi mako uku tana neman hatimi
kafin ta haye gadar da akuya
ke hayewa tana tuƙa.
Wannan ma na sani.

Da hantsi muka haɗu a tsakiya.
Takalminsa can, nawa nan.
Ya zo da buta, ya tsiyaya shayi daga sama,
kofin ya haye ba wanda ya tambaye shi takarda.
Ya ce yaron ya ci abinci, ya yi barci.
Na so in ba shi labarin Talle,
Faransancin ya yage a bakina.
Ya jira. Ya ƙara mini shayi.

Albasa tana can a harabarsu, cikin rana.
Har yanzu ba wanda ya zo ya ce tasa ce.