Layi Na Biyar

Ni ne malamin awo a injin casar shinkafa na Auyo.
Biro a kunne, littafi mai baƙin bango a cinya.
Layi huɗu na ja da rula:
suna, buhu, lada, dangwale.
Shekara tara ban ga buƙatar na biyar ba.

Cindo ya zo duniya da yatsa shida a hannun dama.
Mukan tsokane shi wajen kokon safe:
kai Allah ya auna maka, har ya yi maka gyara.
Ya yi dariya, ya saɓa buhu,
ɓuntu a gira, ɓuntu a gemu.

Ranar Laraba bayan la'asar bel ya zame.
Dokar Alhaji Nalado ce, ba a kashe inji,
tayarwa na shan gas, gas kuwa ya yi tsada.
Cindo ya sa hannu kamar yadda ya saba.
Ban ji ihu ba.
Injin ne na ji ya yi tari sau ɗaya,
ya ci gaba da tauna.

Mun tone tsibin ɓuntu har magariba.
Biyu muka samu. Na ukun ya bi dusa.

A kan babur muka kai shi Haɗejiya,
rawanin wani dattijo a naɗe a hannun,
ya bar gida fari, ya isa asibiti ja.
Alhaji ya aiko da dubu ashirin da rabin buhu,
da saƙon cewa ƙaddara ba ta da magani.
Gaskiya ne. Amma murfin bel yana da farashi,
na taɓa tambaya a kasuwa, bai kai kuɗin rago ba.

Da safe aka ce in rubuta: bai zo aiki ba.
Na rubuta.
Har yau hannuna bai yafe mini ba.

Yanzu ga rediyo tana cewa za a yi wa doka gyara,
a ɗora diyyar ma'aikaci a kan ma'aunin duniya.
To, ni awo ne sana'ata, ku ji daga bakina.
Na san kwanon da aka bubbuge wa gindi,
a ido tiya ce cif, a tukunya yunwa.
In dokarku mai katin aiki kaɗai ta sani,
mai albashi a banki, mai takarda da hatimi,
to ta tsallake Auyo tun ba ta baro Abuja ba.
Mu nan lada a tafin hannu ake ƙirgawa,
rana ta faɗi, yarjejeniya ta faɗi.

Ku rubuta ɗan ƙwadago da sunansa.
Ku ce magani sai an warke, ba sai jini ya tsaya ba.
Kuɗin sallama sau ɗaya ruwan randa ne,
Kuluwa da yara biyar rijiya suke nema,
abin da zai zo duk wata kamar tsayuwar wata.
Mai duba injuna kuma ya sauko daga mota,
ya shaƙi ɓuntun nan,
kada ya tsaya a rumfar Alhaji ya sha lemo ya juya.

Jiya Cindo ya dawo, an ba shi tsintsiya,
rabin ladan da.
Na miƙa masa tawada ya dangwala,
ya miƙo dama, ya tuna, ya janye.
Muka yi shiru mu biyu.
Ya sa na hagu, zanen ya fito baƙo,
kamar wani ne ya karɓi kuɗinsa.

Da dare na ɗauko rula.
Babu wanda ya sa ni, babu dokar da ta iso.
Na ja layi na biyar a bakin shafi,
na sa ranar, na sa sa'ar,
na rubuta: yatsa uku, bel ba murfi.
In mai tambaya ya zo wata rana,
zai tarar an auna.