Arba'in da Bakwai

Littafin yana wurina har yanzu,
bangonsa kore, gara ta ci gefe ɗaya.
Ni ne mai fensir. Ban taɓa riƙe katakon bugu ba.
Shekara goma sha ɗaya ina kan benci a Filin Sukuwa
ina rubuta gudun wasu.

Sammani ɗan Gwammaja,
akawu a reluwe,
duk mako yana ƙirga buhunan da ba nasa ba.
Ran Asabar sai ya sa fararen kaya
da Ladidi ta yi wa bula har sun soma shuɗi,
ya hau keke, katako ɗaure a bayan sirdi
kamar mai zuwa gyaran ƙofa.
'Yan majalisa su ce, ga na kurket zai wuce,
ƙwallo kamar goriba,
a yini ana rana, a tashi ba a san wa ya ci ba.

Ga abin da fensir ya shaida:
wasa talatin da takwas.
Sau shida ya fito hannu rabbana, na zana masa ƙwai.
Ya cafe goma sha tara,
ta ƙarshen ta karya masa ƙaramin yatsa,
har yau in ya ɗaga hannu zai kabbara
yatsan na kallon wani gari daban.
Jarida ta buga sunansa sau ɗaya, ta ce Sammako.
Mafi yawa: arba'in da bakwai.

Ranar, baƙi ne daga Kaduna.
An shimfiɗa tabarmar jifa, an kafe ta da ƙusoshi,
hadari na haɗuwa ta bayan Bompai.
Wani dogo mai gemun akuya yana jifa kamar an ci bashinsa,
Sammani kuwa sai ya tare, ya goga, ya tare,
kamar tela da ya san Salla da saura.
Sannan aka lallaɓo masa wata sanyayyiya,
irin wadda ko yaro zai kora haya.
Ya kai mata duka tun ba ta iso ba.
Turaku uku suka yi ƙara a bayansa.

Ya zo yana cire safar hannu da haƙori.
Nawa?
Na faɗa masa.
Ya ce, saura uku. Ya nemi ruwa.

Abin da ban faɗa ba:
wajen la'asar bakin fensir ya karye,
na sunkuya ina fiƙe shi da reza,
na ji tafi, na ɗago,
na ga yaro yana dawo da ƙwallo daga bakin igiya.
Huɗu ce. Ta wa? Na rubuta? Ban rubuta ba?
Na ƙirga shafin nan ya fi sau ɗari.
Takarda ba ta tuna abin da ba a ba ta ba.

Yanzu gwiwa ta zaunar da shi a ƙofar gida.
Katakon yana tokare da tagar zaure.
In na je da goro, ya kan matsa mini kan tabarma,
mu yi maganar tsadar masara, da waɗanda suka riga mu,
sai can ya ce, arba'in da bakwai ko, Malam Datti?
In ce, haka littafi ya ce.
Ya yi dariya, ya ɓare goron,
ya ba ni ɓarin da ya fi girma.